Fim ɗaya, baki biyu: me ke ɓoye a bayan makin tsohon fim?

Idan ka ga an ba tsohon fim maki shida da ɗoriya cikin goma, me hakan ke nufi? Yawancinmu da mun ga haka mun gama yanke hukunci: fim ne ba yabo ba fallasa, a wuce gaba. Tambayar ta zama ta kowa yanzu, tunda tsofaffin finafinan Amurka da a da sai masu ɗakunan ajiya da malaman jami'a ke iya gani sun bazu a YouTube da manhajojin kallo na kyauta, kuma kafin mutum ya ƙona datarsa abin da yake fara dubawa shi ne maki. Sai dai in ka daure ka gangara ƙasa, ka karanta abin da masu kallon suka rubuta, za ka tarar ba zaman lafiya ake yi a wurin ba. Wannan ya rantse bai taɓa ganin hoto mai kyau haka ba, na ƙasansa kuma yana kukan lokacinsa da ya tafi a banza.

Don kada maganar ta tsaya a iska, bari mu ɗauki fim guda mu bi shi. Sunansa Slightly Scarlet, fim ɗin 'yan daba ne mai kala da ya fito a 1956, kuma ko a Amurka ba kowa ya san da zamansa ba. Makinsa a IMDb, shafin intanet da masu kallo ke ba finafinai maki, yana tsakanin shida da bakwai.

Wane fim ne wannan?

Allan Dwan ne ya ba da umarni, Benedict Bogeaus ya shirya, kamfanin RKO ya kai shi gidajen sinima. Tsawonsa minti 99. An ciro labarin daga wani littafin James M. Cain na 1942, wanda ko masoyan marubucin ba su cika lissafa shi cikin manyan ayyukansa ba.

Labarin ya faru ne a wani ƙirƙirarren gari, Bay City, inda uban daba Solly Caspar ke riƙe da gidajen caca, yana kuma juya hukuma yadda ya ga dama. Zaɓe ya matso, wani ɗan takarar magajin gari mai suna Frank Jansen ya yi alkawarin share garin, sai Caspar ya tura yaronsa Ben Grace ya tono abin da za a ɓata shi da shi. A ƙofar gidan yarin mata fim ɗin ya buɗe. June, sakatariyar ɗan takarar kuma budurwarsa, ta zo da mota ɗaukar 'yar'uwarta Dorothy da aka sako. Dorothy tana da ɗan hali, hannunta ba ya ganin abu ya bari, kuma ba talauci ke sa ta ba. Can gefe Ben ya laɓe da kyamara yana ɗaukarsu hoto. John Payne ne ya fito a Ben, Rhonda Fleming ce June, Arlene Dahl ce Dorothy, matan biyu duk masu jan gashi.

Maimakon Ben ya yi wa ubangidansa aiki, sai ya ci amanarsa, ya miƙa wa June hujjar da ta tilasta wa Caspar gudu zuwa Meziko. Mai kallo yana shirin tafa masa ke nan sai ya ga Ben ya ɗare kujerar da aka bari. Ya kori bos ne don ya zama bos. Tun daga nan wasu masu kallo ke sauka, domin sun zo neman jarumin da za su bi baya, ba su samu ba.

Rigimar ta girmi intanet

A shekarar da fim ɗin ya fito, babban mai sharhin finafinai na jaridar New York Times, Bosley Crowther, ya yi masa kaca-kaca, har ya ce waɗanda suka yi shi ya kamata su ji kunya. A Faransa kuwa wani matashin mai sharhi a mujallar Cahiers du Cinéma, Jean-Luc Godard, wanda a lokacin bai yi dogon fim ko ɗaya ba, ya jera finafinai goma da suka fi burge shi a 1956, ya sa wannan a na biyar.

Dukansu sun san aikinsu, abin da kowa ke nema ne ya bambanta. Crowther labari yake bi, kuma labarin uban daba da ya saye hukumar gari ya riga ya gundure Amurkawa. A 1950 da 1951 kwamitin Sanata Estes Kefauver ya zagaya biranen ƙasar yana binciken gungun masu laifi, ana nuna zaman kai tsaye a talabijin. Lokacin da aka gurfanar da uban daba Frank Costello gaban kwamitin a watan Maris na 1951 ya ƙi yarda a nuna fuskarsa, sai masu kyamara suka koma kan hannuwansa, miliyoyin mutane suka zauna suna kallon yatsun uban daba suna murza takarda. Bayan haka Hollywood ta yi ta zubo finafinan tonon sililin birane. Mutumin da ya ga na gaske a falonsa, ya kuma ga kwaikwayonsa sau tari, me Bay City zai ƙara masa?

Su kuwa matasan Faransa ba su damu da sabon labari ba. Abin da suke nema shi ne hannun darakta: ina ya ajiye kyamara, ta yaya ya cika allo, me ya yi da ɗan kuɗin da aka ba shi. Dwan, haifaffen Kanada a 1885, ya fara aiki tun zamanin fim marar magana, ya yi finafinai sama da 400 kafin rasuwarsa a 1981. Irin tsohon hannun da suke so ke nan. Ma'aunan nan biyu su ne har gobe ke karo a ƙarƙashin fim ɗin, bambancin kawai yanzu kowa yana da wurin rubutu.

Shin kala ta ɓata shi?

A nan ne aka fi kai ruwa rana, kuma sai an san kalma ɗaya kafin a fahimta. A 1946 wani mai sharhi a Faransa, Nino Frank, ya kira wasu sababbin finafinan laifi na Amurka da suna film noir, wato baƙin fim. Finafinai ne na dare da inuwa da cin amana, inda jarumin kansa ba wankakke ba ne, kuma ƙarshen ba ya yi wa kowa daɗi. Kusan dukansu baƙi da fari ne. Shi ya sa akwai masoyansu da suka ɗauka rashin kala sharaɗi ne: da sun ga jar mota da koren labule sai su ce wannan ba namu ba ne, su rage maki.

To me ya kai masu fim ɗin ga kala? Talabijin. A 1950 gida 9 cikin 100 ne ke da ita a Amurka, zuwa 1960 ta shiga kusan gida 9 cikin 10, gidajen sinima suka yi ta rasa 'yan kallo. Talabijin ɗin lokacin ƙaramar akwati ce, a kusan kowane gida baƙi da fari take nunawa, don haka sinima ta koma sayar da abin da akwatin ba ta da shi, wato kala da faffaɗan allo. Tsarin faffaɗan allo na CinemaScope ya fito a 1953, wasu tsare-tsaren suka biyo baya. Furodusan da ke da 'yan wasa mata biyu masu jan gashi a hannunsa a 1956 ba zai ɓoye su cikin baƙi da fari ba.

Abin da masu wannan ƙorafi ke tsallakewa shi ne wanda ya riƙe kyamarar. John Alton ne, ɗan asalin Hungari, mutumin da hotunansa na ƙarshen shekarun 1940 su ne ake bugun ƙirji da su idan ana zancen inuwar film noir. Ya rubuta littafi a kan haska fitila a 1949, ya kuma ci kyautar Oscar a kan aikin kala da ya yi a wani fim na 1951. Ke nan ya san ɓangarorin biyu ciki da bai. Al'adar lokacin ita ce idan ana ɗaukar fim mai kala a cika ɗaki da fitilu, kowane lungu ya fito fes. Alton ya ƙi. Ka duba wuraren da 'yan dabar ke taruwa: rabin allon baƙi ne ƙirin, fitila na ƙasa-ƙasa, inuwar mutum ta hau bango ta fi shi girma, fuskar mai magana wani lokaci ba ka ganinta gaba ɗaya. Daga nan sai a yanka zuwa gidan June, inda launi ke ihu, jan gashi a kan koren kaya, ruwan hoda, ruwan lemo. Duniya biyu ce ya raba da fitila, Ben yana kai-kawo tsakaninsu.

A ganina ƙorafin kala shi ne mafi rauni cikin duk ƙorafe-ƙorafen. Wannan fim ba shi ne farau ba ma, domin Leave Her to Heaven na 1945 da Niagara na 1953 duk masu kala ne, kuma ana lissafa su cikin dangin. Ƙorafin da ke da ƙarfi shi ne na tsakiyar labarin. Da zarar Caspar ya bar gari wutar ta ragu, fim ɗin ya koma zirga-zirga tsakanin 'yan'uwa biyu da namiji ɗaya, ɗan takarar da aka fara da shi ya zama kamar baƙo. Wanda ya ce ya yi hamma a nan bai yi ƙarya ba.

Ba abu ɗaya suka kalla ba

Wannan ne dalilin da ba a cika ambata ba, alhali shi kaɗai ya isa ya raba kan mutane. Idan mutum biyu suka ce sun kalli fim ɗin 1956, da wuya a ce hoto ɗaya idanunsu suka gani.

Fara da faɗin allo. An yi fim ɗin ne da tsarin SuperScope, wanda RKO ta riƙa amfani da shi don ya fi araha. Ana ɗaukar hoto da kyamara ta yau da kullum, sai a ɗakin wanki a datse sama da ƙasa, a fitar da hoton da faɗinsa ya ninka tsayinsa. Da aka zo sa irin waɗannan finafinai a tsohuwar talabijin da kaset, sai ko dai a yanke gefe da gefe don su cika akwati, ko a buɗe saman da ƙasan da mai ɗaukar hoto bai yi nufin a gani ba. Ko wanne aka yi, tsarin da aka zauna aka auna ya rushe. Mutum biyu da aka ajiye a ƙarshen allo suna hararar juna, sai ka ga ɗaya ya ɓace, ko rabinsa.

Sai launin kansa. Tsohuwar kyamarar kala ta kamfanin Technicolor, mai ɗauka da zaren fim uku, ta daina aiki a Hollywood wajen 1955. Daga nan aka koma ɗauka da zaren Eastmancolor na kamfanin Kodak, wanda ya shigo a 1950, ko da kuwa sunan Technicolor ne a jikin fim saboda su suka buga kwafin. Kwafin da Technicolor ta buga da rininta yana riƙe kala shekara da shekaru. Na Eastmancolor na wancan zamani kuwa yana koɗewa kamar atamfar da aka manta a kan igiya: shuɗi da rawaya su fara gudu, a bar ka da hoto ja-ja, baƙin ya koma ruwan ƙasa. Matsalar ta yi ƙamari har darakta Martin Scorsese ya tayar da gangami a kanta a 1980, ya kuma kafa gidauniyar ceto tsofaffin finafinai a 1990.

Ceto kuwa kuɗi ne, kuma wanda ke da uba a tsaye ake fara cetowa. Howard Hughes, attajirin da ke da RKO, ya sayar da shi a 1955, kamfanin ya daina shirya finafinai a 1957. Finafinan furodusoshi masu zaman kansu irin Bogeaus sukan bi hannu-hannu, babu wani katafaren kamfani da zai zuba musu miliyoyi. Yanzu ka haɗa wannan da abin da muka faɗa a baya: fim ne da duk ƙarfinsa ke cikin launi da inuwa. Wanda ya gan shi a babban allo da kwafi mai kyau ya ga aikin Alton. Wanda ya sauke dusasshen kwafi da aka matse don ya yi ƙaramin nauyi, ya kalla a waya da rana tsaka, abin da ya rage masa shi ne labarin, kuma labarin ne gurgun. Dukansu za su je shafi ɗaya su ba da maki, babu mai tambayarsu wane kwafi suka gani.

Abin da masu tacewa suka hana a faɗa

Daga 1934 zuwa 1968 finafinan Hollywood suna ƙarƙashin wata ƙa'idar tacewa da kamfanonin suka ɗora wa kansu, wadda aka fi sani da sunan Will Hays, tsohon shugaban ƙungiyar kamfanonin. Ta hana a nuna mai laifi ya ci riba, ta hana a ja zuciyar mai kallo zuwa ga ɓarna, ta taƙaita duk abin da ya shafi sha'awa. An sassauta ta a watan Disamba na 1956, watanni bayan fitowar wannan fim. Duk wanda ya san yadda masu shirya fim a Kano ke lissafin abin da hukumar tacewa za ta yarda da shi tun kafin a kunna kyamara, ya san irin rubutun da ake yi a wannan hali: abin da ba za a furta ba sai a nuna shi da ido da tafiya da sutura.

A kan Dorothy abin ya fi fitowa. Ba sata kaɗai ke damunta ba, ba ta iya kame kanta a gaban maza, amma fim ɗin ba shi da izinin faɗa. Sai Arlene Dahl ta ɗauki nauyin a jikinta, da lumshe ido, da miƙa, da wasa da bindigar harbin kifi a gidan bakin teku kamar abin wasan yara. Masu kallon yau sun rabu uku a kanta. Akwai masu cewa ita ce ran fim ɗin, duk inda ba ta sai ya mutu. Akwai masu cewa ta zaƙe, wasan ya zama abin dariya. Akwai kuma waɗanda zaƙewar ce ma ta kawo su, suna kallo suna shewa, su ba da maki mai yawa don nishaɗin da masu fim ɗin wataƙila ba su nufa ba. Maki tara daga wannan da maki tara daga na farko lamba ɗaya ce, ma'ana daban.

Akwai kuma wani ƙorafi da nake ganin ya cancanci a tsaya a kai. Dorothy marar lafiya ce, fim ɗin da kansa ya yarda tana bukatar likita, amma kyamara ta fi sha'awar ƙawata ciwon nata fiye da tausaya mata. Mai kallon da ya taɓa jinyar ɗan'uwa mai taɓin hankali yana da hakkin ya ji abin ya tsaya masa a wuya, kuma "ai zamaninsu ne" ba ta share wannan.

Ƙarshen fim ɗin ma ƙa'idar ce ta sassaƙa shi. Dole Ben ya biya, amma an riga an sa mai kallo ya fara sonsa. Sai aka bar shi da harsasai a jiki, ba a ce ya mutu ba, ba a ce ya tashi ba. Wasu na kiran wannan gwaninta, wasu na cewa tsoro ne.

Su wane ne ke ba da makin?

IMDb, wanda ya faro a 1990 kuma Amazon ta saye shi a 1998, yana karɓar maki daga 1 zuwa 10. Letterboxd, wani shafin irinsa da ya zo a 2011, taurari biyar yake amfani da su. IMDb ya faɗa da bakinsa cewa lambar da yake nunawa ba tsabar matsakaici ba ce, wasu ƙuri'un sun fi wasu nauyi, kuma ba ya bayyana yadda yake lissafin. Kafin fim ya shiga jerinsa na 250 mafiya daraja sai ya samu ƙuri'a 25,000. Manyan finafinai suna da masu ƙuri'a sama da miliyan biyu. Fim irin wanda muke magana a kai bai ko kusa da ƙofar ba.

Ga misalin lissafi. A ce mutum 100 suka kalli fim, 50 suka ba shi 9, sauran 50 suka ba shi 4. Matsakaicin zai fito 6.5, makin da ko mutum ɗaya cikinsu bai bayar ba. Wani fim ɗin kuma kowa ya ba shi 6 ko 7, shi ma ya fito 6.5. Na biyun ne ba yabo ba fallasa. Na farkon kuwa ko ka so shi sosai ko ka tsane shi, lambar ba za ta gaya maka wanne ba.

Sannan wa ke zuwa neman fim ɗin 1956 da ba a tallarsa? Mai bin sawun Alton fim bayan fim, mai tara duk abin da aka ciro daga littattafan Cain, tsohon masoyin Rhonda Fleming, musamman bayan rasuwarta a 2020 da ta Arlene Dahl a 2021, sai kuma wanda manhaja ta jefo masa shi da tsakar dare. Ukun farko sun zo da soyayyarsu a aljihu, na ƙarshen bai san hawa ba bai san sauka ba. Waɗanda suka kalli minti goma suka kashe, yawancinsu ba sa komawa su rubuta komai. Su kuma mutanen da aka yi fim ɗin dominsu, waɗanda suka sayi tikiti a 1956, kusan babu muryarsu a wurin kwata-kwata. Abin da ake kira ra'ayin 'yan kallo ra'ayin jikokinsu ne.

Ina ruwan mai kallo a nan?

Na farko dai aljihunsa. Kafin ka sauke tsohon fim, ko ka biya mai shagon turi ya zuba maka, adadin waɗanda suka ba da maki ya fi makin kansa amfani, kuma shafukan nan suna nuna yadda ƙuri'un suka rarrabu daga ƙasa zuwa sama. In ka ga tudu biyu da kwari a tsakiya, fim ne mai raba kai. Karanta mai yabo ɗaya da mai suka ɗaya, ka ga wanne ne yake neman irin abin da kake nema. Mai son labari ya riƙa gudu har ƙarshe zai iya haƙura da Slightly Scarlet. Mai koyon ɗaukar hoto ko haska fitila kuwa, ko da kamfanin da yake wa aiki fitila uku gare shi, zai ƙaru da shi fiye da finafinai da yawa masu maki takwas, in dai ya samu kwafi mai faɗin allo da baƙinsa bai koɗe ba.

Na biyu ya fi wannan nisa. Masu sayen haƙƙin tsofaffin finafinai da masu gyara su suna duba inda jama'a suka karkata kafin su kashe kuɗi, manhajoji kuma sun fi turo wa mutane abin da ya riga ya samu karɓuwa. Fim mai dusasshen kwafi yana samun maki kaɗan, mai maki kaɗan ba ya jawo mai gyara, sai kwafin ya ci gaba da zama dusasshe. Wannan zagayen bai tsaya a Amurka ba. Finafinan Hausa na shekarun 1990 a kaset aka yi su, kaset kuwa zafi da ƙura da laima suna cinye shi da sauri fiye da zaren sinima. Da yawa daga cikin waɗanda ake gani a YouTube yau kwafin kwafi ne, hoto na rawa, murya na shaƙewa, kuma a kan wannan kwafin ne yaran da aka haifa bayan 2005 ke rubuta ra'ayinsu game da aikin da iyayensu suka yi layi suka saya.